Rigimar Kayan Makoki da Ta Cinye Malaman Koriya

Yau Koriya za mu leƙa, zamanin daular Joseon, wadda ta yi mulki daga 1392 har Japan ta mamaye ƙasar a 1910. Masu kallon finafinan Koriya kun saba ganin fadawan nan masu baƙaƙen huluna suna zubewa gaban sarki, kowa na neman a kashe ɗan'uwansa. To wannan ba ƙirƙirar marubuta fim ba ce.

A 1659 Sarki Hyojong ya rasu. Matar ubansa, Jaui, tana raye (abin mamaki ma ya girme ta da shekara biyar). Sai tambaya ta taso: tsawon wane lokaci za ta yi cikin kayan makoki? Ɓangaren da ake kira 'Yan Yamma, ƙarƙashin babban malami Song Si-yeol, suka ce shekara ɗaya, don Hyojong ɗa na biyu ne a wajen ubansa. 'Yan Kudu, irin su Heo Mok da Yun Hyu, suka ce shekara uku, tunda wanda ya hau gadon sarauta shi ne magaji, an gama magana.

Za ka ce yanzu a kan tufafi ake wannan tada jijiyar wuya? Tsaya ka ji. Yayan Hyojong, Yarima Sohyeon, shi ne magajin asali. Ya mutu a 1645, amma ɗaya daga cikin 'ya'yansa na nan da ransa. Saboda haka duk wanda ya ce Hyojong "ɗa na biyu" ne, ko ya nufa ko bai nufa ba, ya taɓa halaccin sarkin da ke kan gado a lokacin, wato Hyeonjong ɗan marigayin. Mawaƙi Yun Seon-do ya fito ya faɗi hakan ƙarara, aka kore shi zuwa can ƙuryar arewa. 'Yan Yamma suka yi nasara.

Bayan shekara 15 matar Hyojong ta rasu, tsohuwa Jaui kuma har yanzu tana nan. Aka sake sabon lale: wata tara ko shekara guda? Wannan karon sarki ya goyi bayan 'Yan Kudu, kuma ba a jima ba aka kori Song Si-yeol.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda saɓanin ilimi ya koma hukuncin kisa. Yun Hyu ya yi wa littattafan Konfushiyos sharhi da fahimtarsa, ya saɓa wa malamin Sin Zhu Xi, Song kuwa ya laƙaba masa sunan mai ɓata tafarki. Da 'Yan Yamma suka dawo a 1680 aka ba Yun Hyu guba ya sha. A 1689 reshe ya juye: Song ya ƙi yarda a ayyana jaririn Jang Hui-bin a matsayin magaji, Sarki Sukjong (shi dai na fim ɗin Dong Yi) ya aika masa da tasa gubar a garin Jeongeup, yana dattijo mai shekara sama da 80. A 1756 kuma aka sa sunan wannan Song ɗin a haikalin manyan malaman ƙasa.

Faɗan bai tsaya a kan rayayyu ba. Bayan kowane sarki ya mutu ana haɗa kundin tarihin mulkinsa. 'Yan Kudu suka rubuta na Hyeonjong, 'Yan Yamma na karɓar iko suka ce an zalunce su, suka rubuta wani sabo. Amma ba su ƙona na farko ba, suka ajiye biyun tare. Wallahi a nan sun burge ni: yau kana iya buɗe duka biyun ka ga rana ɗaya, labari biyu.

Daga baya marubutan Japan na zamanin mulkin mallaka suka kwashi wannan tarihi suka ce rarrabuwa a jinin Koriyawa take, ba za su iya mulkin kansu ba. Masana tarihin Koriya sun mayar da martani cewa ɓangarorin nan suna sa wa juna ido, kuma gwamnati ta fi lalacewa a ƙarni na 19, lokacin da ɓangarori suka mutu, surukan sarki irin gidan Kim na Andong suka riƙe komai su kaɗai. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta goge kofin gubar da aka miƙa wa Yun Hyu ba.