Melancholy, Sauda'u da Baƙin Ciki: Tarihin Kalma Ɗaya a Harsuna Uku

Wata ɗaliba a ajina a nan Ƙaura Namoda ta ci karo da kalmar melancholy a darasin adabin Turanci, ta tambaye ni Hausarta. Nan take na ce mata "baƙin ciki". Da na koma gida na bi asalin kalmar, sai na ga amsar ba ta cika ba. Ku biyo ni mu ga dalili.

Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce, aro suka yi. Asalinta Girkanci ne: melas, wato baƙi, da khole, wato ruwan matsarmama. Likitocin Girka irin su Abuƙirat, wanda ya rayu kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Jalinus na ƙarni na 2, sun ɗauka cewa ruwa huɗu ke riƙe da lafiyar mutum: jini, majina, rawayar matsarmama da baƙar matsarmama. A ganinsu, idan baƙar ta yi rinjaye, sai tsoro da ƙuncin rai su daɗe tare da mutum ba su sake shi ba. Kun ga ke nan tun farko sunan cuta ne.

A ƙarni na 9, masu fassara na Bagadaza, musamman Hunainu ɗan Is'haƙu wanda ya rasu a 873, suka mayar da littattafan Jalinus zuwa Larabci. Larabawa suka bi hanya biyu. Suka ari kalmar da lafazinta, suna rubuta malankhuliya ko malikhuliya. Wanda ya iya ajami ya san sirrin: ɗigo ne kawai ya raba nunun da ya'un a tsakiyar kalma. Sannan suka fassara ta, suka ce sauda'u, wato baƙa, macen aswadu. Daga wannan tushe na sin, wawun da dal ne kalmar Sudan ta fito.

Abin da zai ba ku sha'awa, ɗaya daga cikin manyan littattafan wannan fanni a nahiyarmu aka rubuta shi. Is'haƙu ɗan Imrana, likita daga Bagadaza, ya zauna a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, inda ya rubuta Maƙala fil Malikhuliya wajen farkon ƙarni na 10. A ƙarni na 11 Kwanstantin na Afirka ya juya shi zuwa Latin a Italiya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma ya yi bayanin cutar a cikin Alƙanun. Mu ma ilimin ɗibbu na Larabci ya iso mu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, kuma duk almajirin da ya buɗe littafin ɗibbu a zaure zai haɗu da dam, balgam, safra'u da sauda'u.

Turanci kuwa ya karɓi kalmar ta hannun Faransanci wajen ƙarni na 14. A 1621 Robert Burton ya buga The Anatomy of Melancholy, ƙaton littafi kan wannan hali. Sannu a hankali likitoci suka watsar da ra'ayin ruwa huɗu, kalmar ta yi laushi, ta koma hannun marubuta. Yau idan Bature ya ce melancholy, galibi yana nufin wani sanyin jiki mai zurfin tunani, sau da yawa ba tare da dalili bayyananne ba. Cutar kuma sai ya ce depression, Balarabe ya ce ikti'ab.

To, mu dawo gida. Baƙin ciki ginin sifa da suna ne: baƙi, da -n na haɗi, sai ciki. Kalmomi biyu ne, a rubuta su a rabe. Da suna na mace, sai a ce baƙar zuciya. Bagirke ya ga baƙi a cikin ciki, Bahaushe ma haka, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Kada wani ya ce aro muka yi, domin muna da farin ciki, farin jini da baƙin jini, duk a kan tsari ɗaya na harshenmu.

Ga inda matsalar take. Baƙin ciki na da fuska biyu. "Ina baƙin cikin rasuwarsa" alhini ne. "Yana yi mini baƙin ciki" hassada ce, daga nan muka samu ɗan baƙin ciki. Saboda haka idan kuna fassara, ku duba wurin. In marubuci na tuna gida ne, kewa ko bege ya fi dacewa. In ya zauna shiru hannu a kumatu, ku ce ya yi tagumi ko ya yi jugum. In rashi aka yi, ga alhini da jimami. In tsoron gobe ne, zulumi, abin da Larabawa ke kira hammu, saɓanin huznu na abin da ya wuce.

Wannan ba zancen jarrabawa kaɗai ba ne. A Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, mutane da yawa sun rasa 'yan uwa da gidaje a hannun 'yan bindiga. Za ku ji ana cewa, "Tun da anka kashe mijinta ba ta koma daidai ba." Idan muka kira halinta baƙin ciki kawai, haƙuri za mu ba ta mu tashi. Amma wadda ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta yanke hulɗa da mutane makonni a jere, tana iya zama mai ciwon damuwa, kuma ciwo ana kai shi asibiti, tare da addu'a da kulawar dangi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Likitan Ƙairawan ya kira wannan hali cuta fiye da shekara dubu da suka wuce, bai kamata mu mu kasa ba.

Washegari na gyara wa ɗalibar amsa: a waƙar da take karantawa, kewa ce ta dace. Ku a garinku, me kuke ce wa mutumin da ya yi shiru haka ba gaira ba dalili? Allah Ya yaye mana ƙunci, Ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu.