Gonar Kakanninmu: Ina Rabon Ɗiya Mace?

Tunda Allah ya sake nuna mana zagayowar shekarar ƙungiya, muka ga ya dace mu waiwayi abin da ya fi kawo kuka a taronmu, wato gona. Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mun yi ta tambayar tsofaffi da malamai, ga abin da muka tsinto.

Wajen 1830 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, garin tsaro saboda hare-haren Gobirawa. Nan ya rasu a 1837, nan hubbarensa yake. Ya zaunar da jama'a suka share daji, suka noma tudu da fadama. Ƙasa a wancan zamani amana ce a hannun sarki, amma wanda ya raya daji da izni shi ke da gonar, har 'ya'yansa su gada. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya yi littafi a kan haka.

To, yaya gida yake noma? Daga Raba har Goronyo tsarin ɗaya ne, gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suna fita tun safe sai azahar. Gero da dawar da aka samu rumbun maigida suke shiga. Shi ke ciyar da gida, ya fitar da zakka, ya yi wa ɗa auren fari. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu can nasa ne. Kada mu ɓoye, manyan gidaje da bayi suka yi noma, a rinji. Wasu bayin sukan biya murgu don a bar su su nemi na kansu.

Mata fa? Sussuka da daka namu ne. Kaɗi ma namu ne: mace ta kaɗa auduga, ta sayar da zare, ta karɓi wuri, ta sayi akuya. Wannan dukiyarta ce, miji ba shi da iko da ita. Shari'a kuma ta ba ɗiya rabin rabon ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Amma idan maigida ya rasu, sau da yawa babban wa yakan riƙe gandu wai kada gona ta tsage. Ɗiya tana ɗakin miji, sai a riƙa aika mata dami ɗaya ko biyu da kaka. Ranar da wan ya rasu, dami ya tsaya, shi ke nan, magana ta bi ruwa.

'Yan uwa, ba labarin da ba ne kawai. Cikinmu akwai waɗanda ke sarin albasa da tafarnuwa a kasuwa, alhali a fadamar mahaifinsu aka nome su. Ba mu ce a yi faɗa da dangi ba, zumunci ya fi gona. Cewa muka yi a raba gado da wuri, gaban shaidu, a rubuta. In aro ne ko jingina, shi ma a rubuta. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauyuka don mace ta san addininta, kuma rabon gado yana cikin addini. Yanzu da muka iya karatu, kada wata ta sake dangwala yatsa a takardar da ba ta karanta ba.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a nemanmu, amin.