Gadon Lambo: Binciken Aro da Abin da Muka Bari Ya Suɓuce

Idan ana lissafa abin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya bari, yawanci da muƙamai ake farawa: shugaban Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, sannan mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. A ganina nauyinsa a fagen ilimi yana cikin aikin da ya yi tun kafin waɗannan kujeru, a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta.

An haife shi a Abeokuta a 1923, ya karanta likitanci a Birmingham, ya ƙware a fannin taɓin hankali a asibitin Maudsley na Landan. Da ya dawo gida a 1954, ra'ayin da ke da rinjaye shi ne na J. C. Carothers, likitan mulkin mallaka a Kenya, wanda littafinsa na 1953 ya nuna Ba'afirke a matsayin mai ƙwaƙwalwar da ba ta kai ta Bature ba. Abin takaici, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta buga littafin. Masu taɓin hankali kuwa kulle su ake yi a wurare irin gidan mahaukata na Yaba, wanda bai bambanta da kurkuku sosai ba.

Martanin Lambo ya biyo ta hanya biyu. Ta farko a aikace ce. Ya shawo kan mutanen ƙauyukan Aro su riƙa saukar da marasa lafiya a gidajensu. Kowane majinyaci yakan zo da wata daga danginsa, uwa ko ƙanwa ko goggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, da safe ta raka shi asibiti a ba shi magani, da yamma su koma masauki. Masu gida suna karɓar kuɗin haya, don haka baƙon ya zama hanyar samu a gare su. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san su ne majinyaci ya fara zuwa wurinsu, kuma maganarsu ce dangi suka fi yarda da ita.

Ta biyu ita ce ta bincike. A 1961 ya haɗa hannu da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, suka auna yawan larurar hankali a tsakanin Yarabawa da irin ma'aunin da aka yi amfani da shi a wani yanki na Kanada. Sakamakon, wanda ya fito a littafi a 1963, ya nuna cewa damuwa da fargaba da sauran cututtukan da aka sani a Turai suna nan a ƙauyen Bayarabe, ko da kuwa da wasu kalmomi yake bayyana su. Wannan ya rushe da'awar cewa baƙar fata ba ya shiga matsananciyar damuwa. A 1961 ɗin ne kuma ya kira taron farko na likitocin taɓin hankali na Afirka a Abeokuta. Daga baya Ibadan ta shiga cikin cibiyoyi 9 na binciken Hukumar Lafiya ta Duniya kan cutar sikizofiriniya, inda aka ga marasa lafiyar Ibadan da Agra ta Indiya sun fi na biranen Turai murmurewa. Masana na ci gaba da muhawara kan dalilin hakan, amma riƙon dangi na cikin amsoshin da ake yawan kawowa.

Akwai suka mai ƙarfi a kan tsarin Aro: ba a gwada shi da tsattsauran ma'aunin da ake gwada magani a yau ba, kuma ya dogara da ƙauye mai noma wanda birni ya zo ya haɗiye. Na yarda da wannan. Sai dai sukar kira ce a sake gwada tsarin da kayan aikin zamani, kuma wannan ne ba mu yi ba.

A Arewa wannan batu ya fi zafi. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, amma iyali da yawa wurin malami ko mai ruƙiyya suke fara kai ɗansu, wasu kuma su ƙare a gidan mari, kamar yadda samamen 'yan sanda a Rigasa ya tona a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta jinya. Ya kamata sassan koyar da wannan fanni a jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato su ɗauki unguwa ko ƙauye guda, su zauna da malamai da dangin marasa lafiya, su gwada tsarin Lambo, su auna sakamakon, su buga shi.