Gado ga Wanda Aka Cire wa Rai: Yahudawa 'Yan Gudun Hijira da Asibitocin Tarin Fuka na Denver

A ƙarshen watan Oktoban 1903, wasu mutane kimanin 20 suka taru a unguwar West Colfax da ke birnin Denver na jihar Kolorado a Amurka. Dukansu Yahudawa ne da suka taso daga Gabashin Turai, masu ƙananan sana'o'i, kuma da yawansu tarin fuka ne ya kawo su garin. Da aka zaga da ƙoƙon taimako, abin da aka haɗa bai wuce dala 1 da santi 10 ba. Da wannan kuɗin aka aza harsashin ƙungiyar agajin Yahudawa masu tarin fuka, wadda aka fi sani da JCRS, kuma cikin shekara 50 asibitinta ya yi jinyar mutum kusan 10,000 ba tare da ya karɓi ko sisi a hannunsu ba.

Tushen labarin yana can Rasha. Bayan an kashe Sarki Alexander na Biyu a 1881, sai aka tasam ma unguwannin Yahudawa da kisa da ƙone-ƙone, aka kuma ƙara matse su da dokoki. Daga lokacin zuwa 1924, kimanin mutum miliyan 2 suka tsallaka teku zuwa Amurka. Mafi yawansu sun yada zango a New York, a gidajen haya masu ɗakunan da ko taga babu, suna wuni a kan keken ɗinki cikin ƙurar yadi da numfashin juna. A irin wannan cunkoso tarin fuka yake samun gindin zama, har aka riƙa kiransa ciwon teloli. Masu ƙyamar baƙi suka kama wannan suna yayatawa cewa Yahudawa ne ke yaɗa cutar, alhali binciken likita Maurice Fishberg ya nuna cewa a New York mace-macen tarin fuka a cikinsu bai kai na maƙwabtansu ba.

Magani kuwa babu. Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a Jamus tun 1882, amma gano ta bai zo da abin kashe ta ba. Abin da likitoci suka iya shi ne su kwantar da majinyaci a iska mai tsabta, ya huta, ya sha madara ya ci ƙwai, kamar yadda Edward Trudeau ya riƙa yi a gidan jinyarsa na Saranac Lake a shekarun 1880. Denver tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iskarta busasshiya ce, rana kuma ba ta cika ɓuya ba. Sai labarinta ya bazu. Tela ya sayar da kekensa ya yanki tikitin jirgin ƙasa na zuwa kawai, ya sauka bai san kowa ba, masu gidajen haya na jin tarinsa su rufe ƙofa. Wasu a bakin titi suka kwana, wasu a nan rai ya yi halinsa.

Wadda ta fara tsayawa a kan lamarin wata baiwar Allah ce mai suna Frances Wisebart Jacobs, daga cikin Yahudawan da asalinsu Jamus ne, waɗanda suka riga zuwa suka yi arziki a kasuwanci. Tana ɗaukar miya da gawayi da sabulu ta kai wa marasa lafiya har inda suke. Ita da malamin majami'arsu, William Friedman, suka tara kuɗin gina asibiti, aka aza tubalin farko a Oktoban 1892. Wata guda bayan nan ta rasu tana da shekara 49. An gama ginin a 1893, shekarar da darajar azurfa ta faɗi ta durƙusar da tattalin arzikin Kolorado, don haka ya zauna a kulle shekara 6. Sai da ƙungiyar B'nai B'rith ta ɗauki nauyinsa sannan aka buɗe shi ranar 10 ga Disamba 1899 da sunan National Jewish Hospital. Takensa a lokacin shi ne mai iya biya ba ya shiga, wanda ya shiga kuma ba ya biya, kuma mace ta farko da aka kwantar ba ma Bayahudiya ba ce.

To, me ya sa aka sake neman wani asibitin bayan shekara 4 kacal? Dokokinsa na wancan lokaci ne. Ba ya karɓar kowa sai wanda cutar ba ta yi nisa a jikinsa ba. Zama ba ya wuce wata 6. Kuma ɗakin girkinsa ba ya bin ƙa'idar abincin da addinin Yahudu ya halatta, wadda ta hana haɗa nama da madara ta kuma tsara yadda ake yanka. Duk Musulmin da ya taɓa kwanciya asibiti a ƙasar da ba ya samun yankan halal ya san nauyin wannan a zuciyar mara lafiya. Ga harshe kuma: mutanen Gabashin Turai Yidish suke ji, masu asibitin kuwa Ingilishi da Jamusanci, suna yi musu kallon ƙauyawan da ya kamata a waye.

Hujjar masu asibitin ba ta banza ba ce. Gadaje kaɗan ne, kuma wanda ke da damar warkewa ya fi amfana da su. Amma talakan da ya ratsa rabin duniya ba ya isa Denver sai ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, domin ba ya barin keken ɗinki sai ya fara tofar da jini. Dokar da ta ce sai mai sauƙin ciwo, a aikace ta rufe ƙofa ga mafi yawan waɗanda aka gina asibitin dominsu. A nan mutanen West Colfax suka fi gaskiya.

Jagoransu shi ne Dakta Charles Spivak, haifaffen garin Kremenchug a Yukiren ta yau a 1861. Ya gudu daga Rasha saboda siyasa, ya iso Amurka a 1882, ya yi leburanci a masaƙa kafin ya karanci likitanci a Philadelphia, sannan rashin lafiyar matarsa ya kai shi Denver a 1896. Shi ya riƙe sakataren JCRS har ƙarshen rayuwarsa, Dakta Philip Hillkowitz kuma yana shugaba. Suka sayi fili eka 20 a yamma da gari, suka buɗe a Satumban 1904 da 'yan tantuna da ƙaramin gini guda. Sharaɗinsu ɗaya ne: kowane mataki ciwon ya kai, a zo, ko da mutuwa mutum ya zo yi, zai yi ta a kan gado, a hannun masu jin harshensa.

Wurin ya girma ya zama kamar ƙaramin gari, har da gidan waya mai suna Spivak. Akwai garken shanun madara da gidan kaji, akwai majami'a da ɗakin karatu, akwai maɗaba'a da wurin ɗinkin littattafai inda waɗanda suka fara murmurewa ke koyon sana'ar da ba za ta mayar da su cikin ƙurar yadi ba. Majinyata suna kwana a baranda ko da sanyi, ana shanya su a rana, wani lokaci likita ya ɗura iska a ƙirji don huhun da ya kamu ya lafa ya huta. Kuɗin duk wannan daga gwangwanayen sadaka yake fitowa, waɗanda ake ajiyewa a gidajen talakawa, da ƙungiyoyin mata a birane daban-daban na Amurka. Marubucin Yidish da ake kira Yehoash, wanda tari ya kawo Denver, ya haɗa kai da Spivak suka wallafa ƙamus a 1911. Mawaƙi H. Leivick ma ya yi jinya a can a shekarun 1930. Da Spivak ya rasu a 1927, an tarar ya yi wasiyya a ba ɗaliban likitanci gawarsa, a aika ƙasusuwansa Jami'ar Ibrananci ta Kudus.

Ciwon bai tsaya kan majinyaci kaɗai ba. 'Ya'yan waɗanda aka kwantar sun rasa mai kula da su, abin da ya sa Fannie Lorber da wasu mata suka buɗe musu gidan reno a 1907. Golda Meir, wadda daga baya ta zama firaministar Isra'ila, ta zo Denver a 1913 wurin yayarta Sheyna, wadda ita ma tarin fuka ne ya kai ta can. A Los Angeles, wata ƙungiya irin wannan da aka kafa a 1913 ta fara da tanti 2 a Duarte, wurin da yau ya zama cibiyar City of Hope.

Ƙarshen zamanin gidajen jinya daga ɗakin gwaji ya zo. A 1943 Albert Schatz ya gano maganin streptomycin a ƙarƙashin Selman Waksman a Jami'ar Rutgers, shi Waksman ɗin ma Bayahude ne da ya yi hijira daga Yukiren. Da maganin isoniazid ya biyo baya a 1952, gadaje suka fara zama babu kowa. A 1954 JCRS ta koma aikin ciwon daji da sunan American Medical Center, kuma tsofaffin gine-ginenta a Lakewood, yamma da Denver, yanzu kwalejin zane-zane ce. National Jewish, wanda sai a shekarun 1920 ya buɗe ɗakin girki mai bin ƙa'idar addini, yana nan har yau a Denver, yana cikin manyan asibitocin cututtukan huhu na Amurka.