Daga Tarhon Feinler Zuwa Manhajar Warware DID

A shekarun 1970, duk wanda ya so haɗa sabuwar kwamfuta da ARPANET, kakar intanet ta yau, sai ya tuntuɓi ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya a Amurka, sau tari ma ta tarho. Ita da ma'aikatanta ne ke riƙe da fayil guda mai suna HOSTS.TXT, inda aka jera sunan kowace na'ura da lambarta. Sauran cibiyoyi sukan sauke kwafinsa lokaci-lokaci. Da na'urori suka yi yawa, fayil ɗin kan tsufa tun kafin ya gama zagayawa.

A Nuwamban 1983 Paul Mockapetris ya wallafa tsarin DNS, wanda ya rarraba riƙon sunaye hawa-hawa. Shekara guda bayan haka ɗalibai huɗu na jami'ar Berkeley suka rubuta manhajar BIND, kuma girka ta da saita ta ya zama sana'ar da ta ci da dubban ma'aikata. Sai dai sunan DNS haya ne: idan kuɗin shekara ya yanke, ko hukuma ta ba da umarni, mai suna ya rasa shi.

Wannan ne ya tsaya wa masu nazarin shaidar mutum a intanet a rai. Me zai sa shaidar ɗan Adam ta zauna a hannun kamfani? A 2016 Christopher Allen ya yi rubutun da ya yaɗa ra'ayin cewa mutum ya mallaki shaidarsa da kansa, kuma a wannan tsakanin aka tsara DID. Shi DID layi ne mai gaɓa uku: kalmar did, sunan hanya, sai lambar da mai ita ya ƙirƙira ba tare da neman izinin kowa ba. Layin shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai. Dole a sami manhajar da za ta karɓe shi, ta nemo takardar da ke ɗauke da makullan tantance sa hannun mai shi. Wannan aiki shi ne warwarewa.

A nan gizo ke saƙar, domin kowace hanya da inda take ajiye bayananta: did:btcr a Bitcoin, did:ethr a Ethereum, did:web a shafin intanet, did:key kuwa a cikin layin kansa. A 2017 Markus Sabadello na kamfanin Danube Tech da ke birnin Vienna, a ƙarƙashin gidauniyar DIF, ya gabatar da Universal Resolver. Tsarinsa kamar zauren tafintoci ne, kowace hanya da nata tafinta, manhajar kuma ta duba sunan hanya ta miƙa wa wanda ya iya yaren.

Mai girka ta yakan sauke lambobinta daga GitHub, ya tanadi Docker, ya gyara fayil ɗin saiti, sannan ya tayar da akwatunan Docker masu ɗauke da tafintocin gaba ɗaya. In komai ya tafi daidai, sai ta fara amsa tambaya ta ƙofa mai lamba 8080. Wannan ɓangare ba wuya. Wuyar tana cikin fayil ɗin saiti, inda zai yanke shawarar wurin wa kowane tafinta zai je neman gaskiya. Mai son warware did:ion, hanyar da Microsoft ya ƙaddamar a kan Bitcoin a Maris 2021, ba tare da dogaro da kowa ba, sai ya kunna cikakkiyar na'urar Bitcoin mai cin ɗaruruwan gigabait, ya haɗa da IPFS da MongoDB. Da yawa ba su da wannan hali, don haka sukan rubuta adireshin wani kamfani a gurbin. Layi guda ne, amma ya mayar da amanar hannun mai tsaka-tsakin da aka gudo. Mai saiti na ƙwarai ba ya wuce wannan layi ido rufe.

Yawan hanyoyin ya jawo taƙaddama. Google, Apple da Mozilla sun ƙi amincewa da ƙa'idar DID a ƙungiyar W3C, suna cewa hanyoyi barkatai ba za su fahimci juna ba, kuma ƙorafin nasu yana da tushe. An yi watsi da shi duk da haka, ƙa'idar ta tabbata ranar 19 ga Yulin 2022, lokacin da hanyoyin da aka yi wa rajista sun haura 100.

Yau miliyoyin masu amfani da dandalin sada zumunta na Bluesky suna da DID ba tare da sun sani ba, akasarinsu did:plc, wanda ake warwarewa daga rumbu guda da kamfanin ya kafa. A 2024 W3C ta sake kafa kwamitin DID, ta ɗora masa rubuta ƙa'idar warwarewa ita kanta, shekara bakwai bayan masu girkawa sun fara aikin da hannu.