Dokin Ƙarfe A Kafanchan: Daga Zamanin Reluwe Zuwa Kullen Korona

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai waiwayi wani tsohon abokin tafiya ne, wanda ya yi wa iyayenmu da kakanninmu bauta a wannan gari, ya kai su kasuwa, ya kai su gona, ya kai su gaisuwar mutuwa da suna, sa'an nan da muka ga babur muka jingine shi a bayan ɗaki. Ina nufin keke, wanda mutanen da suke kira basukur, wasu su ce laulawa, masu kirari kuma su ce dokin ƙarfe. Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, sau biyu ke nan cikin 'yan shekarun nan wuya tana tilasta mana komawa gare shi, watau lokacin kullen Korona a 2020 da lokacin cire tallafin man fetur a 2023. Ya kamata yaranmu su san asalinsa tun kafin 'yan gwangwan su gama auna ragowar a kan sikeli.

Asalin keke

Keken da muka sani, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ƙafar baya, a Ingila aka fito da shi. Wani maƙeri mai suna John Kemp Starley ne ya ƙera shi a garin Coventry cikin 1885. Kafin wannan, kekunan da ake yayi ƙafar gabansu doguwa ce ƙwarai, in mutum ya faɗo sai ya ji a jikinsa. Bayan shekara uku, a 1888, John Boyd Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska, daga nan hawan keke ya daina zama azaba. A cikin waɗannan shekarun ne kuma kamfanin Raleigh ya kafu a garin Nottingham. Mutumin da ya ɗaukaka kamfanin, Frank Bowden, rashin lafiya ce ta haɗa shi da keke. Likita ne ya ba shi shawarar ya riƙa hawa, da ya ji sauƙi sai ya zuba dukiyarsa a harkar. Wannan kamfani shi ne mai keken da Bahaushe ya mayar Rali, mai tambarin kan zalɓe a goshi.

Jirgi ya kawo gari, gari ya kawo keke

Tarihin keke a nan ba ya rabuwa da tarihin reluwe. Layin dogon gabas ya taso daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu da Makurɗi, ya ratsa ƙasar Fantswam ya haɗe da Kaduna, kuma a 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga nan ya nufi Jos saboda kuza. Da haka Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa. Tasha ta jawo leburori da direbobi da akawuna, Ibo da Yarbawa da sauran mutanen kudu. Ta jawo fatake da mahauta da maɗinka da malamai daga Kano da Zazzau da Katsina da Bauci, ga kuma mutanen Jama'a waɗanda suke a wannan yanki tun ƙarni na 19. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan, gari ya ƙara cika.

To, jirgi dai a kan dogo yake tafiya, ba ya ratse wa kowa. In ya sauke gishiri da kananzir da atamfa a tasha, sai an sami abin da zai shigar da su ƙauyuka. Motoci kaɗan ne, hanyoyi kuwa na burji ne da na ƙafa. Doki da jaki ba su cika jin daɗin wannan ƙasa mai duhuwa da ƙudan tsando ba kamar yadda suke ji a can arewa. Nan keke ya sami wurin zama. Kamfanonin Turawa irin su UAC suke shigo da shi daga Ingila, jirgi ya hauro da shi. Bayan Rali akwai Hercules da Phillips da Rudge da Humber, duka baƙaƙe masu nauyi, masu burkin ƙarfe da taya mai inci 28. Tsofaffi ba su manta tallar Rali ba, wadda aka zana mutum a kan keke zaki ya biyo shi, yana gudu yana dariya domin ya san ba za a cim masa ba.

Su wa suka fara hawa

Masu albashi ne suka fara mallaka: ma'aikatan reluwe, malaman En'e, malamin haraji, malamin gona, duba-gari, masinjan Di'o, da malaman makaranta na gwamnati da na mishan. A wancan zamani keke ba abin wasa ba ne. Sai ka yanki lasin a ofishin En'e an ba ka lamba ka ɗaura, in dare ya yi kuma ba ka da fitila, kai da ɗan doka ne. Saurayin da ya sayi sabon Rali mai giyakes da fitilar dainamo da ƙararrawa, ya ƙara masa madubi da gezar roba, to ranar ba a zancen kowa a dandali sai nasa. Yakan goge shi da tsumma safe da yamma, ba ya ba da aro ko ga ɗan ɗakinsu.

Daga baya 'yan kasuwarmu suka gane amfaninsa, kuma a hannunsu ne keke ya yi aikin da ya fi kowanne. Mutum zai yi asubanci ya ɗaure kaya a kariya, goro ko gishiri ko yadi ko kayan koli, ya nufi kasuwar Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ko Gidan Waya ko Godogodo ko Jagindi. Da la'asar ya juyo da citta ko acca ko zuma ko kaji a kwando. Wanda bai iya juyowa ba ya kwana gidan mai masaukinsa, Bajju ne ko Ham ko Kaninkon ko mutumin Kagoro. Mai keke ba ya wuce mutane sai ya sauka ya gaisa, in ƙishi ya kama shi ya roƙi ruwa, in taya ta yi faci yaran gari su taya shi turi. Ta haka dattawanmu da yawa suka iya harsunan maƙwabtanmu, suka san sunayen 'ya'yansu, ana ba juna bashi ba takarda ba shaida. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, a wannan ƙasa kuwa sai mu ce har da feda.

Sana'o'i ma sun tsiro a gindinsa. Akwai mai faci da kwanon ruwansa da sholisho da famfo a ƙarƙashin mangwaro. Akwai mai ɗaurin waya, wanda zai miƙe maka ƙafar da ta karkace da ido da kunne kawai. Akwai masu sayar da kayan keke, waɗanda da yawansu Ibo ne, har tashin hankalin 1966 ya sa suka tafi gida, yaran da suka koya a hannunsu suka ci gaba da sana'ar, bayan an gama yaƙi a 1970 kuma wasunsu suka dawo. Sa'an nan ga mai hayar keke, inda yaro zai kai sisinsa ko kwabonsa a auna masa lokaci. A nan yawancinmu muka koya, aka fara da zungure domin ƙafa ba ta kai feda daga kan sirdi, aka sha faɗuwa a kwata, aka ɓoye ƙujewar gwiwa kada a gani a gida.

Yadda aka jingine shi

A watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, masu keke ma sai da suka sake koyon hanya. A farkon 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Amma abin da ya fara karya darajar keke shi ne kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. Malamin da jiya yake taƙama da Rali, yau ya wayi gari da Honda ko Suzuki ko Vespa. Keke ya koma hannun manomi da ɗan makaranta da mai ƙaramin ƙarfi. Duk da haka kasuwarsa ba ta mutu ba, domin har masana'antar haɗa Rali aka yi a Kano, ga kuma Phoenix daga ƙasar Sin da Hero daga Indiya masu sauƙin kuɗi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, kayan gyara na asali suka yi tsada, aka shiga sa jabu. Jiragen ƙasa suka yi ta raguwa har tasharmu ta yi tsit, acaɓa kuma ya cika gari. Aka kai lokacin da in an ga magidanci a kan keke sai a ce wane ya karye. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su koma hawan keke, shi da kansa ya hau a Abuja, jama'a suka mayar da abin raha. Can Ingila ma, a 2002 Raleigh ta daina ƙera keke a Nottingham.

Kullen Korona

Tsofaffin da suka riga mu suna ba da labarin Marisuwa, murar da ta kashe mutane a 1918, tun ba a shata garin nan ba. Mu kuma namu rabon Korona ce. An sami mutum na farko da ya kamu a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Ranar 26 ga Maris gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar zaman gida ba dare ba rana, bayan kwana biyu Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya bayyana cewa shi ma ya kamu, ragamar aiki ta koma hannun mataimakiyarsa Dokta Hadiza Balarabe. Aka rufe kasuwanni da makarantu da masallatan Juma'a da majami'u, aka hana acaɓa da Keke Napep ɗaukar fasinja. Kwana biyu a mako ake sassautawa domin a nemi abinci. Haka aka yi azumi, haka aka yi ƙaramar sallah, sai cikin watan Yuni aka ɗage bayan kwana 75.

Wanda ya ga wannan lokaci ya san an sha wuya, musamman mai neman na yau da na gobe. Amma a cikin wuyar ne aka tuna da tsohon abokin tafiya. Ranar da aka buɗe gari, mai keke shi ne sarki, ba ya jiran kowa, ba ya cuɗanya da kowa, zai je ya auno masara ya dawo kafin lokaci ya cika. Sauran kwanakin kuma da ba aikin yi, magidanta suka jawo kekunan iyayensu daga cikin tarkace suka zauna a zaure da yara ana kwancewa ana wankewa. Yaron da bai taɓa riƙe sifana ba ya koyi cire ƙafa, ya ji labarin kakansa da kasuwannin da ya ci. Da aka sassauta doka, samari suka riƙa fita da sanyin safiya ta hanyar Kagoro suna kallon dutse, ko su nufi Madakiya wajen ruwan Matsirga, hanya fayau ba ƙarar inji. Ba mu kaɗai ba ne. A Turai da Amurka ma a wannan shekara kekuna sun yi wuyar samu a kantuna saboda yawan masu nema.

Ga mai son tayar da nasa

Tsohon Rali ƙarfe ne na gaske, in dai jikinsa bai tsage ba to zai tashi. A jiƙa sarƙa da kusoshi cikin kananzir su kwana, a goge tsatsa da samfefa mai laushi. A buɗe wuya da gindin feda da cibiyar ƙafafu a wanke, a sa sabon boris da giris. Taya da tubu da robar burki a sake su gaba ɗaya, ɗaurin waya kuwa a kai wa gwani. Kada a yi garajen shafe shi da fenti, domin zanen ruwan zinariya da tambarin zalɓen nan su ne shaidar asalinsa. Wanda nasa mai giya uku ne ƙirar Sturmey-Archer, ya goge cibiyar ƙafar baya da kyau, sau da yawa zai ga an buga wata da shekarar da aka ƙera ta. Ka ga ke nan ka san shekarun abin da ka gada.

Kira ga jama'a

Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da abu uku. Na farko, duk mai tsohon keke a gida kada ya sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin da za su ba shi ba zai kai shi ko'ina ba. Na biyu, masu gyaran da suka rage a garin nan yawancinsu sun manyanta, ya kamata ƙungiya ta duba yadda za a tura musu yara su koya kafin sana'ar ta bi su kabari. Na uku, kwamitinmu na matasa ya zauna da dattawan da suka yi fatauci a kan keke, a rubuta kasuwannin da suka ci da gidajen da suka sauka.

Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci. Garin nan ya ga fitina a 1987 da 1999 da 2011, an yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, har yaranmu da yaran maƙwabtanmu suka tashi suna tsoron unguwannin juna. In suka san cewa kakan wannan ya sha kwana a gidan kakan wancan, an ba shi tabarma da ruwan alwala, to an rage wa masu zuga abin faɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya a Kafanchan da kewayenta, amin.