Gayyar dashen itatuwa a ƙasar Gumel

Gayyar dashen itatuwa aikin sa-kai ne da ƙungiyoyin matasa ke yi a masarautar Gumel ta Jihar Jigawa, mai ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Yankin yana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma yana fama da kwararowar hamada da sarar itace don girki.

Tushenta tsohuwar al'adar gayya ce. Matasa kan dasa darbejiya da sauran itatuwa da damina a makarantu, maƙabartu da gefen tituna, sannan su killace su saboda dabbobi.

Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da kwararowar hamada ya shafa, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015.